Alphonse Bertillon: Gwanin Awo Da Ya Shiga Gonar Da Ba Tasa Ba

Duk wanda ya taɓa ganin hoton mai laifi a fim ko a jarida, irin wanda ake ɗauka sau biyu, ɗaya ta gaba ɗaya ta gefe, to ya ga aikin wani Bafaranshe mai suna Alphonse Bertillon, wanda mutanen ƙasarsa ke furtawa Bertiyon. Shi ya tsara wannan salon hoto tun 1888, kuma har gobe 'yan sandan duniya da shi suke aiki. Wannan kaɗai ya isa a riƙa tunawa da shi. Sai dai akwai dalili na biyu da ya sa masu nazarin shari'a da na lissafi ke komawa kan tarihinsa, kuma ba mai daɗin ji ba ne. Shaidar da ya bayar a kotu da sunan kimiyya ta taimaka wajen jefa wani soja da bai ji ba bai gani ba cikin kurkuku na shekaru, shi kuwa har ya mutu bai janye ta ba.

Mu da muke nan makaranta muna koyon ƙididdiga, aikin ɗakin gwaji, safiyo da kwamfuta, wata rana ana iya kiran wani daga cikinmu ya tsaya gaban alƙali a matsayin ƙwararre. Ko kuma, Allah Ya kiyaye, a kira wani ƙwararren ya ba da shaida a kan ɗan'uwanmu. Shi ya sa labarin mutumin nan ya shafe mu.

Zakkar gidan masana

An haifi Alphonse a birnin Paris a watan Afrilu na 1853, a gidan da lissafi ya zama kamar tuwon dare. Mahaifinsa, Louis-Adolphe Bertillon, likita ne kuma masanin ƙididdiga, yana cikin waɗanda suka kafa makarantar nazarin halittar ɗan Adam ta Paris. Kakansa na wajen uwa, Achille Guillard, shi ya raɗa wa ilimin nazarin yawan jama'a sunan da Turawa ke kiransa da shi har yau. Yayansa Jacques kuwa shi ya tsara yadda ake rarraba musabbabin mutuwa, tsarin da ya zama tushen kundin cututtuka da Hukumar Lafiya ta Duniya ke aiki da shi yanzu.

To ance kowane gida da zakkarsa. Alphonse dai boko bai karɓe shi ba. An kore shi daga makaranta fiye da sau ɗaya, ga zafin rai, ga rashin iya magana cikin mutane. Ya je Ingila ya gwada koyarwa, ya dawo ya yi aikin soja na dole, ya fito ba takardar kirki ba sana'a. A watan Maris na 1879 mahaifinsa ya yi masa hanya, aka ɗauke shi ƙaramin akawu a hedikwatar 'yan sandan Paris.

Aikinsa shi ne kwafe siffofin waɗanda aka kama a kan kati: dogo ne, matsakaici ne, hancinsa daidai, fuskarsa babu wata alama. Ka ga ai irin wannan bayani zai hau kan rabin mazan birni. A da can, hukumar Faransa lalas take yi wa mai babban laifi a kafaɗa da ƙarfe mai zafi, in an sake kama shi sai a buɗe riga a gani. An soke wannan a 1832. Doka kuwa ta fi tsananta wa wanda ya maimaita laifi, saboda haka duk tsohon ɓarawon da aka kama sai ya laƙaba wa kansa sabon suna, ya ce wannan ne karonsa na farko. Katunan sun taru jibgi, hotuna ma haka, amma da suna aka jera su, sunan kuma shi ne abin da ake ƙarya a kansa. Dogaron da ya rage shi ne idon tsohon ɗan sanda ko gandiroba da zai tuna fuska, a ba shi tukwici.

Awo goma sha ɗaya

A nan tarbiyyar gida ta yi rana. Tun yana yaro yake jin mahaifinsa da abokansa suna tattauna ra'ayin Adolphe Quetelet, masanin ƙididdiga ɗan ƙasar Beljiyam, kan yadda girman gaɓoɓin mutane ke bambanta. Bertillon ya lura cewa mutum na iya sauya suna, ya aske gemu, ya rame ko ya yi ƙiba, amma ƙashinsa ba ya sauyawa sosai da zarar ya haura shekara ashirin. Mutum biyu na iya yin tsawo ɗaya. Amma a ce tsawonsu ɗaya, girman kansu ɗaya, tsawon yatsa da na ƙafa duk ɗaya, wannan da wuya ƙwarai.

Sai ya tsayar da awo goma sha ɗaya. Akwai tsayin mutum a tsaye da tsayinsa a zaune, da faɗin hannuwa in ya buɗe su, da tsawon kai da faɗinsa, da awon kunnen dama, da tsawon tafin ƙafar hagu, da ɗan yatsan tsakiya da ƙaramin yatsa na hannun hagu, da kamu daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa. Kai da kunne ana auna su da ma'aunin ƙarfe mai baki kamar awartaki, a rubuta da milimita.

Dabarar gaske tana wurin jera katunan. A ce akwai kati 81,000. Sai a kasa su uku bisa tsawon kai: ƙarami, matsakaici, babba, kowane kashi 27,000. Kowane kashi a sake raba shi uku bisa faɗin kai, ya koma 9,000. A raba da ɗan yatsan tsakiya, 3,000. A raba da tafin ƙafa, 1,000. A haka a haka har ya rage 'yan katunan da akawu zai duba cikin mintuna. 'Yan sashen kwamfuta za su gane wannan da gani, don shi ne tunanin da ke bayan neman bayani a rumbun bayanai. Mutumin ya yi shi da katako da kwali.

Da ya kai wa shugaban 'yan sanda na lokacin, Louis Andrieux, shawarar a 1879, watsi aka yi da ita, har aka kai ƙararsa wurin mahaifinsa. Sai da aka yi sabon shugaba, Jean Camescasse, sannan aka ba shi wata uku ya gwada, daga Disamba 1882. Wa'adi ya kusa cika bai kama kowa ba. A watan Fabrairu na 1883 aka kawo wani da ya ce sunansa Dupont. Bertillon ya auna shi, ya je ya zaro katin wani mai suna Martin da ya auna a watan Disamba, awo ya zo daidai, mutumin ya amsa cewa shi ne. A cikin 1884 kaɗai tsarin ya tona asirin masu maimaita laifi 241. Matarsa Amélie ta taimaka masa ƙwarai wajen cike katunan a waɗannan shekarun farko.

Suna ya kai ko'ina

A 1885 Faransa ta yi dokar kai masu yawan maimaita laifi can yankunan da take mulka a ƙetaren teku, sai aikin Bertillon ya zama ba makawa. Ya ƙara da hoton gaba da na gefe, a nisa ɗaya da haske ɗaya, don a iya kwatanta na bana da na bara. Ya tsara kalmomin siffanta hanci, goshi da kunne dalla-dalla, yadda ɗan sanda zai iya gane mutum a titi daga bayanin baki. Ya kuma ƙirƙiro ɗaukar hoton wurin da aka yi kisa daga sama, da kyamara a kan doguwar ƙafa, tare da ma'auni a cikin hoton, kafin a taɓa komai.

A 1892 aka kama wani mai tayar da bama-bamai a Paris da ake kira Ravachol. Awon Bertillon ya nuna cewa shi ne Koenigstein, wanda aka taɓa aunawa a garin Saint-Étienne kuma ake nema kan kisan kai. Jaridu suka ɗauka, gwamnati ta ba Bertillon lambar girma, a 1893 kuma aka kafa sashen tantance masu laifi aka ɗora shi a kai. Tun 1887 gidan yarin Joliet a Amurka ya fara aiki da tsarinsa, Ingila ta bi sahu a 1894, haka ƙasashe da dama. Har a littafin Sherlock Holmes na 1902, wani baƙo ya sa Bertillon gaba da Holmes a jerin gwanayen Turai. In ka ji wane, ba banza ba.

Sai dai a lura da iyakar wannan gwaninta. Awon jiki yana amsa tambaya ɗaya ce tak: wannan da ke hannunmu, mun taɓa kama shi? Ba ya nuna wanda ya aikata laifi, don ɓarawo ba ya barin faɗin kansa a ɗakin da ya fasa. Kuma ko a wannan tambayar, ingancinsa ya rataya ne a kan mai awon. A Paris, inda maigidan ke tsaye a kan yaransa, abin yana tafiya daidai. A wasu wurare, wannan gandiroba ya matse ma'auni, wancan ya sassauta, sai katin mutum ya faɗa wani akwati daban, a neme shi a rasa.

Takardar kwandon shara

A watan Satumba na 1894, wata mai shara a ofishin jakadancin Jamus da ke Paris, wadda ke yi wa sojan Faransa leƙen asiri, ta kwaso wata takarda a yayyage daga kwandon sharar jami'in sojan Jamus, Schwartzkoppen. Takardar ba sa hannu, tana lissafa wasu bayanan soja da marubucinta ya aika wa Jamusawa. Manyan hafsoshi suka duba jerin jami'ansu, zarginsu ya sauka a kan Kyaftin Alfred Dreyfus na rundunar igwa. Ɗan yankin Alsace ne, wanda Jamus ta ƙwace, kuma Bayahude ne a lokacin da ƙiyayyar Yahudawa ta yi katutu a rundunar da jaridun ƙasar.

Hujja ta zahiri ɗaya ce a hannunsu, wato rubutun hannu. Suka fara kiran Alfred Gobert, ƙwararren rubutu na Babban Bankin Faransa. Ya duba ya ce rubutun na sauri ne, ba a ƙaƙale shi ba, akwai bambance-bambance da dama, kuma yana iya zama na wani ne daban. Amsar ba ta yi wa hafsoshin daɗi ba. Ranar 13 ga Oktoba suka tura wa Bertillon, wanda bai taɓa zama ƙwararren rubutun hannu ba. Kafin dare ya ce in dai ba jabu aka haɗa da matuƙar gwaninta ba, to hannu ɗaya ne ya yi rubutun biyu. Bayan kwana biyu aka kama Dreyfus. An ƙara kiran wasu ƙwararru uku, biyu suka ce rubutunsa ne, na ukun, Pelletier, wanda ya ƙi zuwa wurin Bertillon ya ji bayaninsa, ya ce ba nasa ba ne.

To yaya za a yi da bambance-bambancen da kowa ke gani? A nan Bertillon ya zo da bayanin da ya ɓata masa suna har abada. Ya ce Dreyfus ne ya kwaikwayi rubutun kansa, yana sassauya wasu haruffa da gangan, yana aro wasu daga rubutun matarsa da na ɗan'uwansa, don in an kama shi ya ce sharri aka ƙulla masa. Daga baya ya ƙara da cewa akwai wata kalma ta Faransanci da ya gani a wasiƙar ɗan'uwan Dreyfus, wai ita aka jera a ƙarƙashin takardar kamar sarƙa ana bi ta kanta ana rubutu. Ya shata layuka a kan hoton takardar, tazarar milimita biyar-biyar, ya zana wani taswira mai kama da ganuwar yaƙi don nuna dabarun kare kai da ya ce Dreyfus ya shirya.

Ɗan'uwa, dubi tarkon da ke ciki. Inda rubutun ya yi kama da na Dreyfus, hujja ce a kansa. Inda ya bambanta, wai shi ma hujja ce, don ya nuna ɓad-da-kama. Babu wani abu da za a gani a takardar da zai iya wanke shi. Gwajin da ba shi da hanyar cewa a'a kuwa, e ɗinsa ba ta da wani amfani.

Kotun soja ta zauna a asirce a Disamba 1894. Alƙalan ba su fahimci zane-zanen Bertillon ba, amma sun ga babban masanin ƙasa ya tsaya ya rantse. An kuma miƙa musu wasu takardu a ɓoye ba tare da lauyan wanda ake tuhuma ya gani ba. Su bakwai duka suka same shi da laifin cin amanar ƙasa. Ranar 5 ga Janairu 1895 aka tuɓe masa anini a bainar jama'a, aka karya takobinsa, aka tura shi Tsibirin Shaiɗan da ke gaɓar Kudancin Amurka. Ya shafe sama da shekara huɗu a can shi kaɗai da masu gadi, har an taɓa sa masa mari a jikin gado kullum dare na tsawon makonni.

Lissafin da ya rushe

Ramin ƙarya ƙurarre ne. A 1896 sabon shugaban sashen leƙen asiri, Laftanar-Kanar Georges Picquart, ya gano cewa wani Manjo Esterhazy na hulɗa da Jamusawa, kuma rubutunsa da na takardar kamar an tsaga kara. Ya nuna wa Bertillon samfurin ba tare da faɗa masa mai shi ba. Kamar yadda Picquart ya shaida daga baya, Bertillon ya ce lallai rubutun takardar ke nan, amma da ya ji cewa sabon rubutu ne, sai ya juya ya ce ai Yahudawa ne suka horar da wani ya kwaikwaya. Aka tura Picquart Tunisiya don a rufe bakinsa, kotun soja ta wanke Esterhazy a Janairu 1898. Marubuci Émile Zola ya buga budaɗɗiyar wasiƙarsa ta zargin hafsoshin ranar 13 ga watan, ƙasa ta dare gida biyu. A Agusta aka gano cewa wani jami'i, Henry, ya ƙirƙiri takardar jabu don ƙarfafa tuhumar, ya kashe kansa a tsare. Esterhazy ya gudu Ingila, a 1899 ya amsa cewa shi ya rubuta takardar.

Duk da haka, da aka sake shari'ar a garin Rennes a 1899, Bertillon ya zo da jakunkunan zane da hotuna, ya yi sa'o'i yana bayani. Ɗaya daga cikin ƙwararrun 1894, Charavay, ya tsaya a wannan kotun ya janye ra'ayinsa na farko. Bertillon ko gezau.

Ga lissafinsa, kuma duk ɗan aji ɗaya a sashen ƙididdiga zai iya bin sa. Ya ɗauki dogayen kalmomi 13 da aka maimaita a takardar, ya duba farkon kowace da ƙarshenta, wuri 26 ke nan. A wuri huɗu ya ga haruffan sun faɗa daidai a kan layukan da ya shata. Ya ƙiyasta cewa yiwuwar faruwar haka bisa katari a wuri ɗaya ita ce ɗaya cikin biyar, wato 0.2. Sai ya ninka 0.2 sau huɗu, ya sami 0.0016, ya ce wannan ya yi ƙanƙanta da yawa, don haka tsara rubutun aka yi.

Shahararren masanin lissafi Henri Poincaré ya rubuto wasiƙa, abokin aikinsa Paul Painlevé ya karanta ta a kotu. Ya nuna cewa 0.0016 yiwuwar dacewa huɗu ce cikin gwaji huɗu. Bertillon kuwa gwaji 26 ya yi, ya zaɓi huɗun da suka dace ya manta da 22. A lissafin Poincaré, yiwuwar samun huɗu cikin 26 ta ninka abin da Bertillon ya faɗa wajen sau 400, ta kai kusan 0.7. Kai ma lissafa: 26 sau 0.2 ya ba da 5.2. Ashe bisa katari kaɗai wajen biyar ake sa ran gani, shi kuwa huɗu ma ya samu. Kamar mai harbi ne ya saki kibiya 26, huɗu suka sami bango, ya ɓoye sauran ya ce bai taɓa kuskure ba.

Abin takaici, kotun sojan ta sake samun Dreyfus da laifi, biyar da biyu. Bayan kwana goma Shugaba Émile Loubet ya yi masa afuwa, amma afuwa ba wankewa ba ce. A 1904 babbar kotun ɗaukaka ƙara ta Faransa ta naɗa masana lissafi uku, Gaston Darboux, Paul Appell da Poincaré, su binciki tsarin Bertillon. Suka sa aka sake auna takardar da na'urar auna hotunan taurari ta cibiyar nazarin sararin samaniya ta Paris. Suka gano cewa shi kan wani kwafi da ya sake haɗawa da hannunsa ya yi awonsa, alhali asalin takardar siririya ce, a yayyage aka same ta aka liƙe. Hukuncinsu shi ne tsarin ba shi da wata daraja ta kimiyya. Ranar 12 ga Yuli 1906 kotun ta soke hukuncin, aka mayar da Dreyfus soja da muƙamin manjo. Kusan shekara goma sha biyu ke nan daga kama shi.

Zanen yatsa da ƙarshen tafiya

A daidai waɗannan shekaru wani abu na cin tsarin awon jiki ta ƙasa. A 1892 Francis Galton ya wallafa littafinsa kan zanen yatsa a Ingila. A shekarar kuma, a Ajantina, hanyar Juan Vucetich ta tona asirin wata mata da ta kashe 'ya'yanta biyu ta ɗora wa maƙwabci, saboda shatin yatsa mai jini da ta bari a jikin ƙofa. A Indiya, Edward Henry tare da Azizul Haque da Hem Chandra Bose suka samar da hanyar jera zanen yatsu, 'yan sandan Landan suka buɗe sashensa a 1901. Zanen yatsa ya fi sauƙin ɗauka, bai dogara da hannun mai awo ba, uwa uba kuma mai laifi yana barin sa a wurin da ya yi ta'asa.

Bertillon ya ƙara zanen yatsu a katunansa, amma a matsayin ƙari kawai, ya ƙi yarda a jera katunan da shi. Abin mamaki, shi ne a 1902 ya gano wani mai kisa, Henri-Léon Scheffer, daga shatin yatsa a jikin gilashi, ɗaya daga cikin irinsa na farko a Turai. Amma da aka sace zanen Mona Lisa daga gidan tarihi na Louvre a Agusta 1911, an sami shatin babban yatsa a jikin gilashin, ɓarawon kuma, Vincenzo Peruggia, yana da kati a ofishin Bertillon. Yadda aka jera katunan bai ba da damar zaro shi daga shatin yatsa kaɗai ba. Sai a Disamba 1913 aka kama shi a Italiya, lokacin da ya kai zanen kasuwa da kansa.

Bertillon ya rasu ranar 13 ga Fabrairu 1914, yana da shekara 60. Masu tarihinsa sun ruwaito cewa yana kwance a gadon ajali aka yi masa tayin ƙarin lambar girma in zai janye shaidarsa kan Dreyfus, ya ƙi. Girman kai rawanin tsiya. Bayan mutuwarsa ba da jimawa ba zanen yatsa ya maye gurbin awon jiki kusan ko'ina. Hotonsa na gaba da gefe ya rayu, haka tsarinsa na ɗaukar hoton wurin laifi. Edmond Locard, wanda ya koyi aiki a wurinsa, shi ya buɗe ɗakin gwaje-gwajen 'yan sanda a birnin Lyon a 1910.

Abin da ya bar wa kotuna

Ba a taɓa kama Bertillon da cin hanci a wannan shari'a ba, kuma ga dukkan alama ya yi imani da abin da yake faɗa. Wannan ne ma abin tsoron. An karɓi shaidarsa saboda sunan da ya yi a wani fanni daban, ba wanda ya tsaya ya tambayi hanyar da ya bi.

Sannu a hankali kotuna suka fara tambaya. A Amurka, shari'ar Frye ta 1923, wadda ta shafi wata na'urar gano ƙarya ta farko-farko, ta ce sai masana fannin sun yarda da hanya kafin kotu ta saurare ta. A 1993 Kotun Ƙolin ƙasar, a shari'ar Daubert, ta ɗora wa alƙali aikin tsaron ƙofa: ya duba ko an gwada hanyar, ko wasu masana sun tace ta, ko an san yawan kuskurenta, ko tana da ƙa'idojin aiki. Ɗora tsarin Bertillon a kan wannan ma'auni ka gani, ko ɗaya ba zai haye ba.

Kada kuma a ɗauka cutar ta mutu da shi. A 1999, shekara ɗari cif bayan Rennes, wata kotu a Ingila ta ɗaure Sally Clark kan mutuwar jariranta biyu, bayan wani babban likitan yara, wanda ba masanin ƙididdiga ba ne, ya ninka lambobi biyu ya ce yiwuwar faruwar haka ba da kisa ba ɗaya ce cikin miliyan 73. An soke hukuncin a 2003, da aka gano sakamakon gwajin asibiti da ba a nuna wa kotu ba, alƙalan kuma suka soki wancan lissafi. A 2015 hukumar FBI ta amsa cewa a sama da kashi 90 cikin ɗari na shari'o'in da aka sake dubawa, jami'anta masu kwatanta gashi da madubin ƙara girma sun faɗi abin da ya wuce ƙarfin iliminsu.

A nan gida, sashe na 68 na Dokar Shaida ta 2011 ya ba kotu damar sauraron ra'ayin ƙwararru kan kimiyya, rubutun hannu da zanen yatsa, sashe na 84 kuma ya shimfiɗa sharuɗɗan karɓar shaidar da ta fito daga kwamfuta. Sauraro daban, gamsuwa daban, don alƙali ne zai auna nauyin abin da aka faɗa masa. Kullum kuwa irin wannan shaida ƙaruwa take yi, daga bayanan kiran waya zuwa hoton kyamarar tsaro da gwajin ƙwayoyin halitta, kuma masu difloma irin tamu ne za su zauna a ɗakunan gwajin.

Duk wanda aikin ya faɗo a kansa, darasin Bertillon a fili yake. Ka tsaya a fannin da ka sani. Kada ka bari mai bincike ya faɗa maka amsar da yake so kafin ka duba samfur. Ka kawo gwajin da ya dace da wanda bai dace ba, duka 26 ɗin. Ka san sakamakon da in ka gani za ka ce ba wannan mutumin ba ne, ka kuma faɗa wa kotu sau nawa hanyarka ke kuskure. Milimita ɗaya a kan takarda ba komai ba ce a ɗakin gwaji, amma a kotu da ita ake yanke wa mutum shekarun rayuwarsa.